Ƙafar Birki

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da aikin asibitin nan naku da ba ya ƙarewa. Mu nan sai godiya. Mai ɗakina tana gaishe ki.

Za ki yi mamakin takarda a zamanin waya. Rabon da mu haɗu tun rasuwar kakarki, ƙanwar kakata, kuma da na kira ki kwanaki a gaisuwa muka ƙare. Kin tambayi bayana, na ce da sauƙi, yadda kowa ke cewa. A baki ban iya faɗin abu ba. A takarda ina iya gogewa in sake. Mai tirelar kamfaninmu da ke kai kaya garinku shi zai kawo miki.

Ciwon baya kin san tsohon abokina ne, tun da na fara jan motar ma'aikata a kamfanin sabulu. Na san halinsa. Nauyi ne a kwankwaso, in na sha ƙwaya na shafa man zafi sai ya lafa. Amma a watannin nan wani baƙo ya zo wa ƙafar dama, kuma ƙwayar ba ta san shi ba. Wani abu yakan taso daga ɗuwawu, ya bi cinya, ya sauka ta gefen ƙwauri har babban yatsa, kamar na taɓa wayar wuta da jiƙaƙƙen hannu. Saman ƙafar kuma raɗaɗi yake kamar an zuba ruwan zafi, amma in na duba babu kumburi, babu ja, fatar ma sanyi gare ta. Safa ta zama abokiyar gabata. Ko zanen rufa ya goga sai in janye.

Ga abin da ya sa nake zargin kaina. Rannan na yi tuntuɓe har farce ya tsage, ban sani ba sai da 'yata ta nuna mini jini. Yaya, ƙafar da ba ta ji dutse ba, yaya za a yi ta ji zafin zane? Kin san ni da rubuta yadda yini ya wuce kowace yamma. In na koma na karanta abin da na rubuta kan ƙafar nan, sai in ji kamar maƙaryaci ne ya rubuta, ko rago mai neman hutu. Wataƙila haka ne.

Za ki ce in je asibiti. Kamfani yana da likita, amma duk abin da aka rubuta a can teburin manaja yake sauka, kuma ƙafar dama ita ce ta totur da birki. Ban da sitiyari ban iya komai ba. Sakandaren da na yi, iya rubuta miki wannan kaɗai ta bar mini. Ma'aikata Agogo suke kirana, don ban taɓa barinsu a bakin titi suna jira ba. Ki gaya mini gaskiya ko wannan ciwo ne da aka sani, ko kuwa kaina ne.

Ƙaninki.

*

Ƙanena Agogo,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai ƙafafuna da ke kumbura saboda tsayuwa, amma nawa na tsufa ne. Ka gaishe mini da ƙanwata mai haƙuri da kai.

Ba ka canza ba. Tun kana yaro, in aka tambaye ka ko ka ƙoshi sai ka tsaya nazari. To ka saurara: ba ƙarya kake ba. Abin da ka rubuta ina jin irinsa kusan kullum a ɗakin da nake aiki.

Akwai ciwon da nama ko gaɓa ke yi, jijiya ta kai labari sama. Akwai kuma wanda ita jijiyar ce ta samu matsala. Kai direba ne, ka san wayar hon in ta goge: ya yi ta kuka ba wanda ya taɓa shi, in ka danna kuma ya yi shiru. Haka jijiya take yi. Zane ya zama wuta, dutse kuma ya wuce ba labari. Ƙwayar da kake sha ba don irin wannan aka yi ta ba. Kuma ya fi ɓuya a jikin masu tsohon ciwo irinka, don ku da mu duka mun saba, kome ya zo sai mu ce ai bayan nan ne.

Ka amsa mini waɗannan, ban da “wataƙila”. Kana jin kamar kiyashi na yawo a fatar? In ka yi tari ko atishawa, abin yana harbawa ƙasa? Silifa tana zame maka? Ka gwada tafiya a kan dunduniya, yatsu a sama. Ka kuma sa a auna maka sukari.

Sannan ku yi wannan a gida. Ka kwanta, a ɗaure maka ido. Ƙanwata ta samu auduga, da tsinken sakace, da cokalin da ya kwana a ruwan sanyi. Ta taɓa wuri a ƙafar hagu, ta taɓa daidai wurin a ta dama, daga yatsu har gwiwa. Duk lokacin da ka ji, ka ce ka ji. Ina so in san ko akwai inda ya mutu, da iyakarsa.

Abu ɗaya ba na wasa da shi. In fitsari ko bayan gida ya fara kufce maka, ko tsakanin cinyoyinka ya daina ji, a ranar za ka tafi asibiti, ko da manaja ne zaune a kan gadon. Ni nas ce, daga nesa kuma. Takarda ba ta duba mara lafiya.

Yayarka.

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Allah ya sauƙaƙa ƙafafun. Yara lafiya, autar ce ta yi mura ta warke.

Mun yi gwajin ranar Lahadi da rana, bayan mun kora yara gidan maƙwabta. Na zana ƙafa a takarda tukuna, na sa alama a duk inda za a taɓa, don kada mu tsallake wani wuri. Mai ɗakina ta ce ko injiniya sai haka. Ta ɗaure mini ido da ɗankwalinta, ta zauna a bakin gado tana mita, wai shekara da shekaru tana wanke mini kaya, yau Yaya ta mai da ita mai soke miji.

Baiwar Allah! Ba ta iya caka mini tsinken nan ba sai ta ce “sannu”. Kowane tsinke da sannunsa, har audugar ma sai da ta yi mini sannu. Na ce haka za ki yi aikin asibiti? Ta ce ai shi ya sa ba ta nema ba.

Sakamako: na ji duka. Hagu da dama, yatsa da ƙwauri, babu inda ta taɓa ban ce na ji ba. Auduga a saman ƙafar kam kamar garwashi, sai da na ture hannunta. Sauran wuraren na dama kamar daga nesa nake jinsu, ko kuma ni ne na ga haka, amma dai na ji.

Tambayoyinki. Kiyashi, e. Tari, e, yana harbawa. Silifa tana zamewa, sai dai ta tsufa, ban sani ba ko laifinta ne. Tafiya a kan dunduniya na yi, amma in faɗi gaskiya bango yana kusa. Sukari lafiya, mai kantin magani ya auna. Matsalar fitsari babu.

Tunda babu inda ya mutu, ina ganin ko dai abin bai kai yadda na zuzuta ba, ko kuma rabinsa a kaina yake. Ki yafe mini na ɗaga miki hankali. A mota ina cire safar dama in sa takalmin haka nan, ya fi mini sauƙi.

Ƙaninki.

*

Agogo,

A tsaye nake rubuta wannan, mai tirelarku yana ta danna mini hon a ƙofa. Biyu daga cikinmu sun tafi hutun haihuwa, aiki ya yi mana rubdugu. Lafiya dai muke.

Na yi dariya har hawaye kan ƙanwata da sannunta, na karanta wa abokan aiki ma. Ka ce mata ta ci jarrabawar tausayi. Tunda ka ji ko'ina, hankalina ya ɗan kwanta. Har yanzu ina zargin jijiya, ba kanka ba, ka daina wannan maganar. In ka samu hutu ka ga likita, ko ba na kamfani ba, ka faɗa masa kalmomin da ka rubuta mini yadda suke, kada ka gyara su.

Yayarka.

*

Ƙanena,

Ina fata kuna lafiya. Shirunka ya yi yawa, wayarka kuma ba ta shiga. Ka karanta wannan da kyau.

Yau ina koya wa wata sabuwar nas irin gwajin da na sa ku yi. Ta ɗaga tsinke tana cewa mara lafiya “to, ga shi nan”, sai na ji bakina yana ce mata ta yi shiru, in ta yi magana ai ta gaya masa amsar. Ban rufe baki ba na tuna da naku gwajin. Na dawo gida na nemo takardarka.

Na ce a ɗaure maka ido, ban ce a rufe mata baki ba. A wurinmu abu ne da ba a faɗa, shi ya sa na manta ban rubuta ba. Kuma ka rubuta mini shi ƙarara, na karanta na yi dariya. Ban sani ba ko tsinken ka ji ko muryarta. Kai ma ba za ka sani ba, mutum yakan ji abin da yake jira.

Sai kuma silifar, da bangon da ka ce yana kusa. Na bi ta kansu da gudu. In ƙafar ba ta ɗaguwa sosai, wannan ya wuce maganar zafi.

Ku sake gwajin, ta yi gum, wani lokacin ma ta ƙi taɓawa. Kafin nan ina roƙonka kada ka ja motar nan. Ka ce zazzaɓi kake, ka ce kome. Na san abin da nake nema a wurinka.

Yayarka.

*

Yaya,

Salamu alaikum. Da rai da sauran lafiya. Wayar ta faɗa ruwa ne, ban gyara ba, ba na son amsa tambayoyin dangi.

Takardarki ta ƙarshe ta zo jiya. Tirelar ta lalace a hanya, takardar ta yi ta kwana a aljihun ƙofa. Ta same ni a gida, don an riga an karɓi makullin motar. Zan faɗa miki bi da bi.

Gajeruwar takardarki ta kafin wannan na karanta ta fiye da yadda ya kamata. “Hankalina ya ɗan kwanta.” Na manta da “ɗan”, na riƙe sauran, na ci gaba da aiki.

Akwai gangara kafin ƙofar kamfani. Da safe ne, mota cike, ana ta musun ƙwallo a baya. Na ɗauke ƙafa daga totur zuwa birki kamar kullum, na danna. Motar ba ta rage ba. Na ƙara dannawa. Sai da na leƙa ƙasa na ga takalmina a gefen birkin yake, ƙarfen ƙasa nake ta takawa da dukan ƙarfina. Kafin in gyara mun daki ginshiƙin ƙofa. Mai gadi ya yi tsalle ya tsira. Wata mata daga sashen naɗe sabulu ta bugi ƙarfen kujera, haƙorinta na gaba ya karye. Tana riƙe da baki, jini na bin yatsunta, take tambayata ko ban ji ciwo ba.

Makaniki ya shiga ƙarƙashin motar ya fito, ya kasa haɗa ido da ni. Birki lafiya lau. Aka tura ni wurin likitar kamfani.

Mace ce mara yawan magana. Ta tambayi irin ciwon, na faɗa mata da wutar da ruwan zafin da kiyashin, ban gyara ba, kamar yadda kika ce. Ba ta yi dariya ba, rubutawa kawai take. Ta sa na kwanta na rufe ido. Ta fara da hagu, ina ta cewa na ji, na ji. Daga nan sai shiru. Ina jin fanka, ina jin ana loda kwalaye a waje. Na ɗauka ta je ɗauko wani abu ne. Na jira har na ji kunya, sai na ce, “Likita, na shirya.”

Ta ce, “Malam, ai na gama.”

Na buɗe ido. Ga sawun tsinke a jere a fatata, daga babban yatsa har tsakiyar ƙwauri. Ta ce in ɗaga yatsun in ture hannunta, ta mai da su ƙasa da yatsa biyu. Ta ce ciwona na jijiya ne, yana da suna, kuma ya daɗe. Na tambayi tuƙi. Ta ce ba za ta iya sa hannu in koma ba, ta kuma ce in yi haƙuri.

Da takardarki ta zo na karanta wa mai ɗakina. Na tambaye ta ko ta san abin da take yi a ranar. Ta daɗe tana ninke kayan da ta riga ta ninke, sannan ta ce, “Ni ban san komai ba. Amma ba zan soke ka in yi shiru kamar ban san ka ba.” Ban sake tayar da maganar ba.

Abin da ya tsaya mini shi ne, wallahi a ranar na ji tsinken. Ko yanzu in na tuna ina jinsa. In wannan bai faru ba, to me kuma na rubuta a shekarun nan da bai faru ba?

Ƙaninki.

*

Ƙanena,

Na gode wa Allah da ya tsayar da abin a haƙori. Ka gaishe da ƙanwata, ka ce mata ba ta yi laifi ba, hannu da bakin mai ƙauna ne. Gyaran nawa ne, ban yi ba.

Ka tambaye ni gaskiya tun farko, ba zan canza yanzu ba. Za su ɗauki hoton bayan, mai yiwuwa su ga inda aka danne jijiyar. Wani lokaci aikin tiyata yana taimakawa. Amma jijiyar da ta daɗe a danne a hankali take dawowa, wata ta dawo rabi, wata ba ta dawowa. Akwai magungunan irin wannan ciwo, suna rage shi, ba kasafai suke kashe shi ba, kuma da yawansu suna sa barci da jiri. Ka ga ko sun yi maka aiki, ba abokan sitiyari ba ne. Ba na so ka zauna kana jiran makulli.

Ko da takardata ta zo da wuri, makullin nan da ya tafi. Matar nan kaɗai za ta tsira da haƙorinta. Ina ta juya wannan.

Abu ɗaya ka samu: ba maƙaryaci ne ya yi rubutun nan naka ba. Na san wannan bai kai aikin da ka rasa ba. Ka riƙa duba ƙafar da ido kullum, tunda ba za ta gaya maka in ta ji rauni ba. Ka rubuto.

Yayarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki yafe dogon shiru. Takardunki biyu sun zo, har da wadda kika sa sunan sabon maganin. Yara lafiya, babbar ta gama jarrabawa. Mai ɗakina ta fara sayar da ƙanƙara, tana gaishe ki.

An ɗauki hoton. Yadda kika ce ne. Babban likita ya nuna mini wurin da bakin biro, ya ce za a iya aiki, amma ba zai yi mini alkawarin yatsun za su ɗagu ba, kuma layin yana da tsawo. Na sa suna. Maganin ya rage harbin wutar. Ruwan zafin yana nan. Maganin kuma yana sa ni in fara magana in manta ƙarshenta, shi ya sa na rage rubutun yamma. Wannan takardar ma zama uku na yi mata, ko huɗu.

Kamfani bai kore ni ba, an ce don daɗewata. An ba ni kujera a ɗakin kwalaye, ina ninke kwali ina miƙa wa na gaba. Ba wuya. Mutanen kirki ne, sun ajiye mini wani bokiti da nake ɗora ƙafar. Har yanzu wasu Agogo suke ce mini, wasu kuma sun fara cewa Baba, ban san wanne ya fi ba.

Motar ma'aikata nake shiga, don ba ni da wata. Ina tsayawa a bakin titi tare da su. Ranar farko duk suka tashi suna ba ni kujerar gaba, na ƙi, suka nace, yanzu ta zama tawa, bayan direba. Matar nan tana zama a ɗaya gefen. Tana gaishe ni kullum, in za ta yi dariya sai ta kare baki da gefen mayafi.

Na so in samu laifin sabon direban. Na zuba masa ido makonni. Ba ya wasa da giyar mota, ba ya jefa mu a rami, yana jiran tsofaffi su zauna kafin ya ja. Ya iya, Yaya. Rannan ma ya tambaye ni yadda nake shan kwanar kasuwa in an yi ruwa, na faɗa masa, ya ce ai haka yake yi.

Shekaranjiya muna sauka gangarar ƙofa na sunkuyar da kai, don ba na son kallon ginshiƙin. Sai na ga takalmina na dama yana danna ƙasan motar, a hankali, daidai inda ya kamata a fara rage gudu. Ba ni na sa shi ya danna ba. Ina kallonsa yana dannawa, ban ji ƙarfen ba, ban ji takalmin ba, sai raɗaɗin kawai. Motar ta tsaya cak a kan layi. Na jira kowa ya sauka, sannan na ɗaga ƙafar da hannu na tsallake matakalar.

Kada ki ƙara wahalar neman magani, na san kina yi ne don ranki ya huta, kuma na yafe tun tuni, in ma akwai abin yafewa. Ki rubuto labarin yara in kin samu sarari. Ba sai kin yi sauri ba. Yanzu babu abin da ke jiran amsa.

Ƙaninki.